Aidin da Ciwon Daji: Bitar Hujjojin Masu Shan Ɗigon Lugol a Mizanin Majinyatan Unguwar Sarki, Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi iƙirarin da ke yawo tsakanin masu fama da ciwon daji, cewa shan aidin mai yawa yana narkar da ƙari, musamman na mama. An yi bitar nazarce-nazarcen da aka wallafa a kan batun, aka auna su da tarihin maƙoƙo a Nijeriya da halin majinyacin da ke zaune a Unguwar Sarki. An gano cewa aidin yana da gurabu uku na gaskiya a harkar lafiya, kuma ɗigon da ake sha don kashe daji aron sunansu kawai ya yi.

1.0 Gabatarwa

Ƙididdigar GLOBOCAN ta 2022 ta nuna mutum 127,763 sun kamu da ciwon daji a Nijeriya a wannan shekara, 79,542 sun rasu, kuma sankarar mama ce a kan gaba da mata 32,278. Matar da ta ji ƙulli a mamanta a Unguwar Sarki, Asibitin Koyarwa na Barau Dikko bai yi mata nisa ba, amma idan magana ta kai ga gashin ciwon da na'ura, sai ta dangana da babbar cibiya irin ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya. Tsakanin gwaji da tiyata akwai jira, akwai kuɗin mota, akwai kuma tsohuwar maganar nan cewa daji ba ya son allura. A wannan giɓi ne shawarar 'yar'uwa majinyaciya take fin ta likita shiga zuciya. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama, don haka babu dalilin zargin mai jinya. Hujjar da aka miƙa mata ita ce abin tuhuma.

2.0 Asalin Iƙirarin

A 1829 likitan Faransa Jean Lugol ya haɗa ruwan aidin da ke ɗauke da sunansa, don maganin tarin fuka. Alaƙanta shi da mama ta taso ne daga gwajin da Bernard Eskin ya fara kan ɓeraye a Amurka a 1967, inda ya ga ƙarancin aidin yana sauya tsokar mama. Ghent da abokansa a 1993, da Kessler a 2004, sun ba da rahoton sauƙin zogi ga mata masu ƙulle-ƙullen mama da ba na daji ba, bayan an ba su aidin. Daga nan Guy Abraham, wanda ya kafa kamfanin da ke yin ƙwayar aidin ta Iodoral, da David Brownstein suka ɗaga maganar, suka ce jiki na buƙatar miligiram 12.5 zuwa 50 a kullum. Babbar madogararsu ita ce matan Japan suna cin ciyawar teku, kuma sankarar mama ba ta yi musu yawa kamar matan Amurka ba.

Wannan madogara tana da rauni ta fuska biyu. Lissafin da Zava da Zava suka wallafa a 2011 ya nuna abin da Bajapane ke ci bai wuce miligiram 1 zuwa 3 a rana ba. Sannan matan Japan sun bambanta da na Amurka a ƙiba, da cin waken soya da kifi, da sauran abubuwa da dama, ba a aidin kaɗai ba. Gwajin da ya fi kusa da goyon bayan iƙirarin shi ne na ayarin Carmen Aceves a Meziko a 2019. Adalci ne a ambace shi, amma matan da aka gwada ba su kai ɗari ba, miligiram 5 aka ba su, kuma kowacce tana karɓar maganin asibiti a lokacin. Ba a taɓa gwada aidin shi kaɗai a kan mutane ya warkar da daji ba.

3.0 Suna Ɗaya, Aiki Daban

Abin da ya sa maganar take karɓuwa, a fahimtar wannan marubuci, shi ne jama'a sun ga aidin yana aiki da idonsu.

Sun gan shi a gishiri. A 1993 kusan kashi 20 cikin ɗari na yaran da aka duba a Nijeriya suna da maƙoƙo. A wannan shekara aka wajabta sa aidin a gishirin ci, hukumomin SON da NAFDAC suka tsaya a kai, har a 2005 Nijeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka shaida ta cimma wannan buri. Dattawan da ke sallah a Masallacin Sultan Bello za su iya tuna yadda kumburin wuya yake a da, da yadda ya ja baya.

Mata kuma sun gan shi a ɗakin gwajin bakin mahaifa. Ma'aikaciyar jinya takan shafa ruwan Lugol, lafiyayyar tsoka ta rine ta yi duhu, wadda ta fara lalacewa ta tsaya rawaya. Walter Schiller ne ya fito da dabarar a 1928. Aidin a nan tona asirin ciwo yake yi, ba ya taɓa shi.

Na uku shi ne ya fi ruɗar mutane, domin lallai akwai aidin da ke kashe daji. Tun 1946 Samuel Seidlin ya nuna aidin mai tartsatsin nukiliya, wato I-131, yana lalata dajin tayirod, tsokar nan mai siffar malam-buɗe-littafi da ke gaban maƙogwaro. Dalili shi ne wannan tsoka tana zuƙe aidin, sai tartsatsin ya ƙone ta daga ciki. Tartsatsin ne maganin, aidin abin hawa ne. Shi ya sa ake hana majinyaci abinci mai aidin mako ɗaya zuwa biyu kafin a ba shi. Wanda ya sha ɗigon Lugol a wannan lokaci ya cika tsokar da aidin na banza, ya toshe wa na magani hanya. Kama da wane ba ta wane.

4.0 Awo da Illa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade maikirogiram 150 a rana ga baligi, 250 ga mai ciki da mai shayarwa. Iyakar da masana a Amurka suka gindaya ita ce 1,100. Ɗigo ɗaya na Lugol mai ƙarfin kashi 5 yana ɗauke da kimanin 6,250, wato buƙatar fiye da kwana 40. Miligiram 50 kuwa ya ninka buƙatar yini fiye da sau 300.

A 1948 Wolff da Chaikoff sun nuna aidin mai yawa yana sa tayirod ta dakatar da aiki. Ga mafi yawan mutane takan farfaɗo, ga wasu kuma takan tsaya, sai kasala da kumburi da jin sanyi. Akasin haka ma yana iya faruwa a ƙasar Hausa. Wanda ya taso cikin ƙarancin aidin, yana cin gero da rogo waɗanda ke ƙara tauye tayirod, ko gishirin gargajiya irin manda da ba a sa masa aidin, sau da yawa yana da tsofaffin ƙulle-ƙulle a wuya. Idan aidin ya kwararo musu, sai su yi ta fitar da sinadari ba linzami: bugun zuciya, rawar hannu, zufa, rama. An ga haka a Zimbabuwe a 1995, bayan an sa aidin a gishiri kawai. Ga mai shan maganin daji waɗannan alamomi suna sajewa da na jinya, likitan da ba a gaya masa ba zai nemi dalili a wani wuri.

Illar da ta fi tayar wa wannan marubuci hankali ita ce jinkiri. Mafi yawan matan Nijeriya masu sankarar mama suna isa asibiti ciwon yana mataki na 3 ko na 4. Johnson da abokansa na Jami'ar Yale sun gano a 2018 cewa waɗanda suka bar maganin asibiti suka riƙe na gefe, haɗarin mutuwarsu ya ninka sau 2.5, a sankarar mama kuma fiye da sau 5. Dokar Abinci da Magunguna ta Nijeriya ta haramta tallan duk wani abu a matsayin maganin daji, sai dai doka ba ta shiga hirar majinyata biyu a kan bencin asibiti. Abin da zai shiga shi ne likita ya tambayi mai jinya, da Hausa kuma ba da faɗa ba, me take sha a gida, a duba wuyanta da jininta idan ta ambaci aidin. Idan kuɗi ne ya kai ta ga ɗigon, a nuna mata Asusun Tallafin Masu Ciwon Daji da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2021 don dajin mama da bakin mahaifa da na mafitsarar maza, wanda asibitin Shika yake cikin cibiyoyi shida da aka fara da su.