Darak: Tsibirin Tafkin Cadi da Hukuncin 2002 Ya Miƙa wa Kamaru

Duk lokacin da ranar 10 ga Oktoba ta zagayo, Bakassi ce ake tunawa da ita game da hukuncin da Kotun Duniya da ke birnin Heg ta yanke a 2002 kan rikicin iyaka tsakanin Nijeriya da Kamaru, alhali hukuncin ya shafi Darak, tsibirin masunta da ke kudancin Tafkin Cadi.

Fari ne ya haifi rikicin. Da tafkin ya soma janyewa a shekarun 1970, masunta Hausawa da Barebari da Shuwa daga Nijeriya suka bi ruwa gabas, suna kafa ƙauyuka a kan tudun da ya bayyana, har suka ƙetare iyakar da Ingila da Faransa suka shata a takardun 1919 da 1931 ba tare da sun ga wata alama a ƙasa ba.

A gaban kotu Kamaru ta ce sojojin Nijeriya ne suka mamaye yankin a 1987, Nijeriya kuwa ta dogara ga daɗewar iko, wato cewa ita ke karɓar haraji, ita ta buɗe makarantu da ofishin 'yan sanda, kuma ƙaramar hukumar Ngala ta Jihar Borno ke tafiyar da ƙauyukan. Dangane da tarihin zaman mutane, bayanin Nijeriya ya fi kusa da gaskiya, domin kwale-kwalen masunci ya riga bindiga isa Darak. Amma hujjar ba ta da ƙarfi a shari'a, tun da ƙwararrun Nijeriya sun shiga aikin kafa alamun iyaka da Hukumar Tafkin Cadi ta gudanar tsakanin 1988 da 1990 bisa tsoffin takardun nan, ko da yake gwamnatin Nijeriya ba ta tabbatar da sakamakon ba. Alƙalai 14 suka fifita takarda a kan zama, biyu suka saɓa, ciki har da Bola Ajibola da Nijeriya ta naɗa.

A watan Disamba na 2003 aka miƙa wa Kamaru ƙauyuka sama da 30, abin takaicin kuwa shi ne ba a nemi ra'ayin mazaunansu ba. Yau Darak gunduma ce a yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru, kuma ta sha mummunan harin Boko Haram a watan Yuni na 2019.