Lawudikiya: Birnin da Ya Ce Ba Ya Bukatar Taimako

'Yan'uwa matasa, a cikin ikkilisiyoyi bakwai da Ubangiji ya aika wa saƙo a Ru'ya ta Yohanna, ta Lawudikiya ba ta sami kalmar yabo ko ɗaya ba (3:14-22). Ba a zarge ta da koyarwar ƙarya ko fasikanci ba. In muna so mu gane laifinta, sai mun san tarihin birnin.

Sarki Antiyakus na Biyu ne ya kafa Lawudikiya wajen shekara 260 kafin haihuwar Almasihu, ya sa mata sunan matarsa. Kangonta yana kusa da garin Denizli a ƙasar Turkiyya ta yau. Da yake birnin yana bakin babbar hanyar fatake da ta taso daga Afisa ta nufi gabas, kuɗi, masu gidan rana, suka sami wurin zama. An san shi da masu canjin kuɗi, da tufafin baƙin ulu mai laushi, da makarantar koyon likitanci.

A shekara ta 17 bayan haihuwar Almasihu girgizar ƙasa ta rushe Sardisu da wasu birane. Kaisar Tibariyas ya aika wa Sardisu kuɗi, ya kuma yafe mata haraji na shekara biyar. A shekara ta 60 girgiza ta rushe Lawudikiya. Tasitus, marubucin tarihin Roma, ya shaida cewa mutanen sun sake gina birninsu da dukiyarsu, Roma ba ta sa ko anini ba.

Ikkilisiyar garin ta fara da kyau. Abafaras ya yi wahala dominta, har akwai masu bi da ke taruwa a gidan Nimfa (Kolosiyawa 4:13-15). Amma kafin ƙarshen ƙarni na farko halin birnin ya shige ta, tana ganin ta wadatu, ba ta rasa kome ba. Sai Yesu ya taɓa abubuwan da garin ke taƙama da su. A garin masu canji ya kira su matalauta, a garin ulu ya ce tsirara suke, a garin likitoci ya ce makafi ne. Ikkilisiyar Samirna kuwa, mai fama da talauci da tsanani, ita ya kira mai arziki (2:9).

Sake gina gari da guminka ba zunubi ba ne. Haɗarin shi ne zuciya ta saba da wadata har ta daina jin yunwar Allah. Wannan ciwo ba na masu kuɗi kaɗai ba ne. Saurayin da ya zuba kuɗin makarantarsa a cacar ƙwallo, ko ya shiga damfara ta intanet don ya kamo tsaransa, shi ma ya kamu. Mu ma mun kamu in duk shaidarmu ranar Lahadi ta mota ce da waya, ko in muna ba mai babban baiko kujerar gaba, gwauruwa tana tsaye a baya.

Abin tsoro shi ne inda Yesu yake tsaye a wannan wasiƙa: a waje, yana ƙwanƙwasa ƙofar ikkilisiyarsa. Sujada tana tafiya, ba wanda ya lura ba ya ciki. Duk da haka ya ce saboda ƙauna yake tsawata musu.

Wannan mako, kowannenmu ya duba inda kuɗinsa da tunaninsa suka fi tafiya, ya mayar da abin da ya ci na wani, ya kuma taimaki wanda ba zai iya rama masa ba. Ubangiji ya ba mu kunnen ji. Amin.