'Yar Tsana A Ƙauyukan Arewacin Kano: Tarihin Da Ke Ƙasan Adudu

Gabatarwa

In aka ambaci tarihi, abin da yakan faɗo wa ɗalibi a rai shi ne sarakuna da yaƙe-yaƙe, da ganuwa da ƙofofinta, da shigar Turawa Kano a 1903. Ba safai akan tuna cewa yarinyar da ke goye da ƙashin ƙafar akuya a bayan ɗakin uwarta ita ma tana da nata tarihin ba. Manufata a wannan ɗan rubutu ita ce in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu zuwa ga 'yar tsana, musamman irin wadda aka yi wasa da ita tsakanin 1940 da 1975 a ƙauyukan Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa da Bichi da Ɗambatta. Abin da zan faɗa ya fito ne daga 'yan tsanar da na tara da hannuna, da hirar da na yi da tsofaffin mata a waɗannan wurare, da kuma abin da masana suka tabbatar game da ƙasar da kasuwancinta.

Ƙasar Da Ba A Zubar Da Kome

Kafin mu duba 'yar tsana, sai mu duba ƙasar da ta haife ta. Duk wanda ya bi hanyar Ɗambatta ko ta Bichi da kaka ya san gona tana haɗe da gona, gida yana hango gida, ga ɗorawa da kuka da tsamiya a tsaye cikin hatsi. A 1965 Michael Mortimore da J. Wilson suka fitar da bincikensu kan wannan yanki da ke kewaye da birnin Kano, inda suka nuna cewa saboda yawan jama'a ana noma gona ɗaya shekara da shekaru ba a bar ta ta huta ba. Taki shi ne ke riƙe da ita, har jakuna sukan kai itace birni su komo da shara a mangala.

To, a irin wannan ƙasa babu abin da ake kira tarkace. Karan dawa shi ne danni, shi ne makamashi, tokarsa kuma ta koma gona. Tsumma yakan zama gammo ko ƙullin magani. Watau kayan da yarinya ke haɗa 'yarta da su, kayan da gidan ke da bukatarsu ne, kuma da zarar ta girma sai su koma inda suka fito. Wannan shi ne dalilin farko da ya sa tsohuwar 'yar tsana ta yi wuyar samu. Abin da murhu ya bari, gara ta cinye.

Ire-irenta Na Gida

Na farko ita ce ta ƙashi. Akan samo ƙashin ƙafar tunkiya ko akuya, galibi bayan Babbar Salla ko bayan suna, a kankare shi a shanya. Gefen da ke da gaɓa biyu shi ne ƙafafu ko ƙugu, ɗaya gefen kuma a ɗora masa danƙo ko kakin zuma a murza ya zama kai. A nan gwanintar take, domin a kan wannan danƙo ake kafa zare baƙi a yi kitso, a liƙa tsakiya a matsayin 'yan kunne, a ɗaura jigida a ƙugu. Ita ce mafi daɗewa, ita ce kuma aka fi samu a ƙasan adudun tsofaffi.

Na biyu ita ce ta kara da ta totuwar masara. Wannan 'yar kaka ce, da hatsi take zuwa, kafin bazara ta kakkarye. Gemun masara shi ne gashinta. Ban taɓa riƙe wadda ta wuce 'yan shekaru ba, saboda haka abin da za mu iya cetowa daga gare ta shi ne yadda ake yin ta, daga bakin waɗanda suka yi.

Na uku ita ce ta yumɓu, wadda aka fi gani a wuraren masu ginin tukwane kamar ƙasar Dawakin Tofa. Yarinya takan tsakuri yumɓun uwarta ta gina 'ya, haɗe da 'yar tukunya da ɗan kasko da turmi. In ta yi sa'a aka jefa mata su cikin gashin tukwane, to sun zama abin ajiya. In rana kaɗai ta busar da su, ruwan farko ya tafi da su.

Abin da na lura da shi a yawancin waɗannan shi ne ba a fitar musu da fuska sosai. Ɗan ɗigo biyu ya isa ido, wani lokaci ma babu. Ado yana wajen kitso da zane. Malamai kuwa ba su hana 'yan mata wannan wasa ba, duk da tsananin da ake yi game da sassaƙa siffar mai rai, domin ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan banza ne. Wadda ta iya ɗaura wa ƙashi majanyi ita ce gobe za a ba goyon ƙaninta. A bikin 'yar tsana kuma, inda ake aurar da 'yar wance ga ɗan wance, a sa lalle, a kai amarya, a yi jere da fasassun kwanoni, nan yarinya ke fara sanin ƙawa, da gudummawa, da cewa abin da aka kawo miki ranar bikinki bashi ne sai kin rama.

Kuɗin Gyaɗa Da 'Yar Kanti

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma daga shekarar da ta biyo baya cinikin gyaɗa ya buɗe. Kamfanoni irin su John Holt da G.B. Ollivant, da UAC wadda aka kafa a 1929, suna sayen gyaɗa ta hannun manyan dillalai irin su Alhassan Ɗantata, su kuma su sayar da kayan Turai. Daga kantunansu da na Kwara kaya kan gangara kasuwar Kurmi da ta Sabon Gari, daga nan ɗan koli ya ɗauka ya bi kasuwannin ƙauye da allura da madubi da tsakiya. A kan wannan faifai na ɗan koli 'yar tsanar kanti ta shigo ƙauye, kuma lokacin cinikinta shi ne kaka, sa'ad da kuɗin gyaɗa ke hannu.

Waɗanda suka fara zuwa na seluloyid ne, wata irin roba mai sirantaka kamar ɓawon ƙwai, yawanci ƙirar Japan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai roba mai tauri ta shigo, irin wadda kamfanonin Ingila kamar Pedigree da Rosebud suka yi suna da ita a shekarun 1950. Kafin ƙarshen waɗannan shekaru roba mai laushi ta karɓe kasuwa, Hong Kong kuma ta cika duniya da masu araha. Akwai kuma wata ƙirar Afirka ta Yamma da ake kira Clonette, wadda ake danganta asalinta da Gana: 'yar yarinya ce a tsaye rungume da zomo, launinta ɗaya tun daga kai har ƙafa, in an matsa ta sai ta yi ƙara. A ƙasar Yarabawa har an sa irin waɗannan 'yan roba a madadin sassaƙen tagwaye, kamar yadda Marilyn Houlberg ta bayyana a 1973.

Abin sha'awa shi ne 'yar ƙauye ba ta karɓi baƙuwar yadda ta zo ba. Takan tuɓe mata rigar Turai ta ɗaura mata zane, ta zizara mata kwalli, ta huda kunnen ta sa tsakiya. Saboda haka 'yar tsanar da aka ƙera a Hong Kong, in ta kwana biyu a Minjibir, ta zama shaidar tarihin Minjibir.

Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta hallaka gyaɗa a 1975 su suka rufe wannan zamani. A 1976 aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, kuɗin man fetur ya shigo, masana'antun roba suka yawaita a Bompai da Sharaɗa. Daga nan robar ta yi arahar da ba wanda zai zauna kankare ƙashi.

Yadda Ake Gane Shekarunta

Ga mai son tattarawa, ga abubuwan da nake dubawa.

Da fari, rubutun ƙeya ko na gadon baya. Wadda aka rubuta wa "Made in Occupied Japan" an yi ta ne tsakanin 1947 da 1952, lokacin da Japan ke hannun sojojin ƙawance. Wadda ke ɗauke da "Empire Made" galibi ƙirar Hong Kong ce ta zamanin mulkin Ingila.

Na biyu, jikin robar. Seluloyid ba shi da nauyi, yakan loɓa in an danna, in an goga shi da tsumma yakan yi ƙamshin kafur. A yi hattara, domin yana kama wuta nan take. Kada a gwada shi da ashana, kada a ajiye shi kusa da fitila. Roba mai tauri tana da sanyi a hannu, ana ganin layin haɗi a gefenta, gashin kuma sau da yawa zane ne a jikin kan ko kuwa manne. Gashin da aka dasa cikin ƙananan huji alamar roba mai laushi ce, watau ta baya-baya.

Na uku, ƙyallen da ke jikinta, wanda shi ne babban mashaidi ga ta ƙashi. Saƙi ko fari na masaƙan gida, wanda aka haɗa ƙwarya-ƙwarya da zaren da aka kaɗa da mazari, ya bambanta da akoko na inji. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, daga nan akoko na gida ya yawaita. Zanen atamfa kuwa, a nuna wa tsohuwa, sau da yawa za ta faɗi sunansa da bikin da aka yi yayinsa.

Na huɗu, abin da aka rataya mata. In akwai anini ko kwabo mai huji a wuyanta, a karanta shekarar da ke jikinsa. Shekarar ba ta nuna ranar da aka yi 'yar tsanar ba, amma ta nuna ba a rataya shi kafin wannan shekara ba. An daina amfani da waɗannan kuɗi bayan shigowar naira a 1973.

Na biyar, kitso. Wadda aka yi wa doka ta fito daga hannun yarinyar da ta ga doka a kan uwarta.

A kuma yi hankali da jabu. Hayaƙin murhu da man gyaɗa suna iya tsufar da ƙashi cikin mako guda. Tsufan gaskiya yana wurin da hannu ke riƙewa, nan ƙashin ke yin santsi da sheƙi, lungunan kuma su riƙe dauɗarsu. Wanda ya yi baƙi ko'ina bai ɗaya, a tuhume shi.

Ladabin Tattarawa

'Yar tsanar da ba a san garinta da mai ita ba ta rasa rabin darajarta. Don haka duk wadda na karɓa nakan rubuta ƙauyen, da wadda ta yi ta, da abin da ya faru a shekarar da aka yi wasa da ita, domin tsohuwa ba ta lissafi da lamba, amma za ta ce shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano, watau 1956, ko shekarar da Sarki Ado Bayero ya hau gado, watau 1963. Ba na wanke ta, ba na sake mata zane. Sau da yawa kuma abin da ya sa aka ajiye ta shi ne mai ita ta rasu tana ƙarama, uwar ta ɓoye. Irin wannan ba a taya ta. In an yarda, a ɗauki hotonta, a yi addu'a, a mayar da ita inda take.

Kammalawa

A Turai da Amurka akwai masu tara 'yan tsana da suka san ƙirar kowace shekara tun daga Barbie ta 1959, har da littattafan farashi. Mu kuwa dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta fi ba da kariya ga kayan sana'ar da aka yi kafin 1918, saboda haka 'yar tsanar 1950 ba ta da mai tsaron ta sai mu. Littafin Baba ta Karo da Mary Smith ta fitar a 1954 ya nuna irin ilmin da ke bakin tsohuwa guda ɗaya in an zauna an saurare ta. Matan da suka yi wasa a zamanin dalar gyaɗa sun manyanta, kullum kuma raguwa suke yi. Ranar da aka raba gado, adudu yakan tafi wajen wata, tsummokaran ciki kuma a zuba a juji.

Shawarata ga wannan ƙungiya ita ce kowane ɗalibi da zai tafi hutu ya nemi kakarsa ta buɗe masa adudu, ya rubuta abin da ta faɗa da bakinta, ya kawo. In muka tara, sai mu tsara shi gari-gari mu miƙa wa Gidan Makama ko ɗakin ajiyar sashenmu, yadda mai bincike na gaba zai tarar. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa mu dace, amin.