Riga-kafi, zubar da ciki da tsattsauran ra'ayi: yadda jam'iyyun Amurka suka yi musayar riga

Rubutun nan na da ɗan tsawo, mai jarrabawa gobe ya ajiye shi sai ya fito.

Daren Asabar muna teburin mai shayi a Sabon Ibadan, gardama ta kaure kan zaɓen Amurka. Wani ɗan'uwa ya ce 'yan Republican su ne masu tsoron Allah tun fil azal, tunda suna yaƙi da zubar da ciki. Wani ya ce ina, 'yan tsattsauran ra'ayi ne kawai masu gudun allura. Na ukun ya zaro waya ya kunna mana bidiyon Robert F. Kennedy Jr., ya ce tunda ministan lafiyar Amurka da kansa na shakkar riga-kafi, shi kam ya riga ya tura wa yayarsa saƙo kada ta kai yaranta. Maganar na ukun nan ce ta hana ni barci, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Abin da tarihi ya nuna shi ne, matsayin da jam'iyyun nan biyu ke kai yau sabo ne. Na zubar da ciki bai wuce shekara hamsin ba, na riga-kafi kuwa ko goma bai cika ba, kuma lissafin ƙuri'a na da hannu dumu-dumu a yadda aka kai nan.

Mu fara da zubar da ciki. A 1967 gwamnan California ya sa hannu kan dokar da ta sassauta shi a jiharsa. Sunansa Ronald Reagan, ɗan Republican. A 1970 jihar New York ta halatta shi a ƙarƙashin wani gwamnan Republican ɗin, Nelson Rockefeller. A 1971 babban taron cocin Southern Baptist, wadda ta fi kowace cocin Furotesta mabiya a ƙasar, ya nemi a ba da dama idan an yi fyaɗe ko lafiyar uwa na cikin haɗari. Da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin Roe da Wade ranar 22 ga Janairun 1973, alƙalai bakwai ne suka amince, biyu suka ƙi, kuma biyar cikin bakwan nan shugabannin Republican ne suka naɗa su. Masu adawa da ƙarfi a lokacin 'yan Katolika ne, waɗanda yawancinsu Democrat suke zaɓa. Joe Biden ma, yana sanata, ya taɓa jefa ƙuri'a a kwamiti a 1982 don a bai wa jihohi ikon kauce wa hukuncin.

To me ya sauya? A ƙarshen shekarun 1970 masu tsara dabarun siyasa irin su Paul Weyrich suka hango miliyoyin Kiristoci 'yan bishara, musamman a kudu, waɗanda ba su da gidan siyasa tsayayye. A 1979 aka kafa ƙungiyar Moral Majority a ƙarƙashin Fasto Jerry Falwell, a 1980 kuma suka mara wa Reagan baya ya kayar da Jimmy Carter, mutumin da ke koyar da darasin Lahadi a cocin Baptist. Masanin tarihi Randall Balmer na ganin abin da ya fara harzuƙa shugabannin nan shi ne yunƙurin gwamnati na janye rangwamen haraji daga makarantun addini masu nuna wa baƙaƙe wariya, zancen zubar da ciki daga baya ya zama tuta. Wasu masana ba su yarda da shi ba, amma babu mai musun cewa haɗin gwiwar a wannan lokacin aka ƙulla shi.

Donald Trump da kansa ya faɗa a talabijin a 1999 cewa yana goyon bayan a bar wa mace zaɓi. Shi ne kuma ya naɗa alƙalai uku tsakanin 2017 da 2020, waɗanda da ƙuri'unsu aka soke Roe ranar 24 ga Yunin 2022. Bayan 'yan makonni jihar Kansas, wadda Republican ke lashewa a kai a kai, ta yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 59 cikin ɗari suka ƙi a cire kariyar zubar da ciki daga tsarin mulkin jihar. Da ya ga iska ta juya, a 2024 Trump ya ce a bar wa jihohi. A ranar zaɓen shekarar mutanen Missouri suka zaɓe shi, suka kuma amince da 'yancin zubar da ciki a lokaci guda. Ni ba fatawa nake bayarwa ba, hukuncin wannan na wajen malamai. Kuma akwai miliyoyin Amurkawa, a ɓangarorin biyu, da tsakani da Allah suke riƙe da ra'ayinsu. Ɗan siyasa ne dai ke duba inda rana ta fito ya shanya garinsa.

Tarihin riga-kafi ya fi ban mamaki, domin da ɗan Afirka ya fara. A 1721 agana ta ɓarke a Boston. Wani limamin coci, Cotton Mather, ya riga ya ji daga bawansa da suke kira Onesimus cewa a ƙasarsu ana tsaga fata a sa ɗan ruwan ƙurjin mai ciwo, mutum ya yi ɗan rashin lafiya ya warke, ba ya sake kamuwa. Likita ɗaya, Zabdiel Boylston, ya yarda ya gwada. Cikin kusan mutum 6,000 da cutar ta kama, 844 sun mutu, wato kusan ɗaya cikin bakwai. Cikin waɗanda aka yi wa tsagar kuwa, kusan biyu cikin ɗari. Duk da haka sauran likitocin garin suka yi ta ba'a wai an bi maganar bayi, har wani ya jefa bam ta tagar gidan Mather, Allah ya sa bai tashi ba.

Tun daga nan shakku bai taɓa ƙarewa ba, sai dai ba shi da jam'iyya. A 1905 Kotun Ƙoli ta tabbatar da tarar dala biyar da aka ci wani fasto, Henning Jacobson, saboda ƙin allurar agana. Baƙaƙen fata kuma na da dalilinsu na tsoro: daga 1932 zuwa 1972 likitocin gwamnati a Tuskegee sun zuba wa ɗaruruwan maza baƙaƙe masu ciwon tunjere ido ba magani, don kawai su ga yadda cutar ke cin jiki. A 1998 wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa bincike kan yara 12 yana alaƙanta allurar ƙyanda da galahanga. An gano maguɗi a ciki, mujallar Lancet ta janye shi a 2010, aka kuma ƙwace masa lasisi. A waɗancan shekarun, da yawa cikin masu gudun allura masu hannu da shuni ne a wurare irin California, inda Democrat ke da ƙarfi. Jihohin da suka fi tsaurin dokar allura a wancan lokacin kuwa Mississippi ce da West Virginia, masu ra'ayin 'yan mazan jiya.

Korona ce ta juya lamarin. Gwamnatin Trump ce ta zuba biliyoyin daloli a 2020 don a gaggauta samar da allurar, a lokacin kuma Kamala Harris ce ke cewa in Trump ne ya ce a yi, ita ba za ta yi ba sai likitoci sun ce. Da mulki ya koma hannun Biden aka shiga tilasta wa ma'aikata, sai ƙin allura ya zama alamar adawa. A Agustan 2021 magoya bayan Trump suka yi masa ihu a taronsa na Alabama don ya ce su je a yi musu. Shi Kennedy na cikin bidiyon, ɗan gidan Democrat ne gaba da baya. A jam'iyyar ya fara takara a 2023, ya koma ɗan takara mai zaman kansa, a Agustan 2024 ya bi Trump, a Fabrairun 2025 ya zama minista. Lauya ne, bai karanta likitanci ba. A shekarar ta 2025 ƙyanda ta ɓarke a yammacin Texas ta kashe yara biyu da ba a yi wa allura ba, a ƙasar da tun 2000 aka ce ta rabu da cutar.

Saura kalmar tsattsauran ra'ayi. A 1964 ɗan takarar Republican, Barry Goldwater, ya ce tsanantawa wajen kare 'yanci ba aibi ba ce. Aka yi masa lakabi da mai tsattsauran ra'ayi, ya sha mugun kaye, jihohi shida kacal ya ci. Da ya tsufa, shi ne mai goyon bayan zaɓin mace, yana caccakar Falwell, har jam'iyyarsa ta koma ganinsa mai sassauci. Wani abin da ke tura 'yan takara gefe shi ne zaɓen fidda gwani, wanda tun shekarun 1970 ya koma hannun masu ƙuri'a. Mutane kaɗan ke fitowa, mafi zafin ra'ayi, don haka ɗan takara ya fi tsoron nasa fiye da abokin hamayya.

A ganina ma'aunin da ba ya sauyawa shi ne zub da jini da ƙin karɓar sakamako. An harbe Dakta David Gunn a 1993 da Dakta George Tiller a 2009, na biyun a cikin cocinsa, don suna zubar da ciki. A 2017 wani mai ƙin Republican ya buɗe wa 'yan majalisarsu wuta a filin wasa. An far wa majalisa ranar 6 ga Janairun 2021, an harbi Trump a kunne a Yulin 2024. Babu ɓangaren da zai ce hannunsa fes yake.

Mu 'yan arewa ba sai an ba mu labarin shakkar allura ba. Gwajin Trovan da Pfizer ya yi kan yara kusan 200 a Kano lokacin sanƙarau na 1996 gaskiya ne, kamar yadda Tuskegee gaskiya ce. Haka kuma gaskiya ne cewa dakatar da allurar shan inna a 2003 zuwa 2004 ya bar yara da nakasa, cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, kuma sai a 2020 aka ce Nijeriya ta fita. Mai tambaya yana da haƙƙi, amma a tambayi likita, a duba alƙaluma. Ɗan siyasar Amurka da ke neman ƙuri'a gobe zai iya sauya baki, kamar yadda Reagan da Biden da Trump duk suka yi, shi ba abin da zai same shi.

Mu da muke jami'a, a gida maganarmu hujja ce. In ka tura bidiyo, cewa za a yi ai mai digiri ne ya turo. Abokina, na san za ka karanta wannan. Don Allah ka kira Yaya, ka ce ta kai yaran asibiti ta yi duk tambayar da ke ranta a can.

Wanda ya ga kuskure a shekara ko suna ya gyara mini a ƙasa. Allah ya ba mu sa'ar karatu.