Masu Batir na Tamale, Jiya da Yau

Kafin mota ta iso Tamale, jaki da ɗan dako ne ke ɗaukar kayan arewacin Gana. Kakanninmu fatake sun bi hanyar goro daga Kano da Katsina zuwa Salaga, har yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar garin, kowa ya kama gabansa. A 1907 Turawa suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Gambaga suka kawo ta Tamale, kuma wajen 1920 aka buɗe hanyar mota daga Kumasi. A lokacin, ta Mampong da Atebubu take bi zuwa Yeji, inda ake ɗora mota a jirgin fito a ƙetare kogin Volta, sannan Salaga, sannan nan. Wato hanyar goro ce mota ta gada.

Mota ta zo da masu jinyarta. Wanda Bakano ke kira bakanike, mu fita muke ce masa, kuma da yawa daga cikin tsofaffin mastocinmu a Suame Magazine na Kumasi suka yi koyo. A cikinsu akwai wanda ban taɓa ganin an rubuta tarihinsa ba, shi ne mai batir.

A zamanin motocin Bedford masu jikin katako, batir ba shi da sarautar da yake da ita yanzu. Tun 1912 aka fara sa wa mota abin tayarwa na lantarki a Amurka, amma tsofaffin motocin da suka zo mana ba su rabu da ƙarfen murɗa inji ba. In batir ya yi sanyi, yaron mota ya zura ƙarfe a gaba ya murɗa, ko fasinjoji su sauko su tura. Shi kuwa batirin yana da murafai a kansa. Mai batir ya buɗe, ya zuƙi ruwan da bututun gilashi ya auna ƙarfinsa, ya ƙara tataccen ruwa inda ya ragu. A garin da zafin watan Maris ke kai digiri 40, ruwan batir ba ya daɗewa, don haka rumfarsa ba ta rabuwa da mutane.

Kawuna yana da irin wannan rumfa a wajajen Aboabo. A shekarun ƙunci, daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1983, lokacin da kayan gyara suka ɓace daga kasuwa, ba a yar da mataccen batir. Kawu zai narkar da kwaltar da ke rufe kansa, ya zaro ɗakin da ya mutu, ya sa na wani batirin, ya liƙe da dalma, ya sake rufewa. Wandunansa duk huji ne saboda ruwan batir. In yaro ya kawo ruwan rijiya zai zuba, sai ya riƙe masa hannu: “Ɗana, wannan ruwan sha ne, ba na batir ba.”

Abin da matasa ba su sani ba shi ne, rabin batiran da ke rumfar ba na mota ba ne. An gama madatsar Akosombo a 1965, tafkinta ya cinye tsohuwar mashigar Yeji har manyan motoci suka koma bin Techiman da Kintampo da Buipe, amma wutarta ba ta iso Tamale ba sai ƙarshen shekarun 1980. Ƙauyuka kuwa sun jira fiye da haka. Daga wajajen Tolon da Savelugu ake ɗauro batir a bayan keke, a bar shi ya kwana a caji, a rubuta sunan mai shi da alli. Da shi ake kunna talabijin, da shi lasifikar masallaci ke kiran asuba.

Sai motocin hannu suka fara sauka a tashar Tema, ɗauke da kwamfuta a ciki. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa kowace ƙaramar mota wata kafa da ake jona na'ura a karanta ciwonta. Batir ma ya zama rufaffe, ba a buɗewa, sai dai a canza. Ilimin da yake a kunne da hanci ya koma cikin fitilun dashbod, kuma a nan ne nake ganin sana'ar ta yi tuntuɓe.

Ɗauki jar fitila mai hoton batir. Ba cewa take yi batir ya mutu ba. Cewa take yi ba ya samun caji. Sau da yawa laifin altaneta ne, ko bel ya saki, ko kan batir ya yi farin gari. Mita ce ke raba gardama: batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 in inji na kashe, wajen 14 in yana aiki. Amma sai a sayar wa mai mota sabon batir, ba a jima ba shi ma ya kwanta. Wasu har yanzu suna cire kan batir inji na aiki don gwada caji, dabarar da Bedford ke jurewa, amma tana iya ƙona kwamfutar motar yau. Mafi muni shi ne mai cire ƙwan fitilar ko liƙe ta kafin ya sayar da mota. Wannan ha'inci ne, ba gyara ba.

Haka wankin inji. Ƙurar hunturu da jar ƙasarmu suna haɗuwa da baƙin mai su daskare a jikin inji, dole a wanke. A da kananzir ne da buroshi da tsumma, a jira inji ya huce, a ɗaure distiributa da leda. Yanzu yaro ne da injin feshi mai ƙarfi, ya buɗe bonet ya saki ruwa a kan wayoyi da soket. Mota ta fito tana ƙyalli, fitila ta kama a hanyar gida.

Ga kuma matattun batira, da ake fasawa da adda a zubar da ruwan a ƙasa don a sayar da dalmar. Kowane Bahaushe ya ji yadda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma yaran unguwa suna wasa a bayan garejojinmu.

Roƙona ga mastocin Tamale shi ne, kada ku yaye yaro sai ya iya karanta mita da na'urar gwaji, ko da za ku haɗa kuɗi ku sayi guda ɗaya ku riƙa karɓa-karɓa. Kai kuma mai mota, kafin ka biya kuɗin sabon batir, ka ce a auna maka caji a gabanka, tsohon kuma ka miƙa shi ga mai shago ba tare da an fasa shi ba.