Motocin Schlumpf: Taskar da Ta Cinye Masaƙa

A garin Mulhouse na ƙasar Faransa, wasu 'yan'uwa biyu, Hans da Fritz Schlumpf, sun mallaki masaƙun ulu. Fritz ya kamu da son tsofaffin motoci, musamman ƙirar Bugatti, saboda kyan ƙirarsu da ƙarancinsu a duniya. A asirce suka tara sama da mota 400 cikin wata tsohuwar masaƙa, alhali kasuwancinsu yana durƙushewa. A 1976 suka karye, daga baya suka tsere Suwizalan. A 1977 ma'aikatan da suka rasa abin yi suka mamaye ginin, suka buɗe wa jama'a ƙofa, domin a ganinsu da guminsu aka sayi motocin. A 1982 taskar ta zama gidan tarihin motoci na ƙasa.