Zangon Jiragen Sama Na Kano

Tun zamanin kakanninmu Kano zango ce. Ayarin raƙuma daga Tarabulus da Agadas a nan yake sauke kaya, fataken goro daga Gwanja a nan suke kwance mangala. Kowa kuwa ya san abin da ke sa zango ya yi suna: ruwa, da abinci, da tsaro, da fatoma mai amana. In ɗaya ya ɓace, madugu sai ya sāke hanya. To, filin jirgin sama ma zango ne, kuma labarin na Kano ya isa a tsaya a saurara, gama akwai abin lura a cikinsa.

Ran 1 ga Nuwamba, 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na mayaƙan saman Ingila suka sauka Kano. Daga Masar suka taso, suka biyo ta Hartum da Fashir da Fot Lami, wadda yanzu ake kira Njamena. Shugabansu wani hafsa ne, sunansa Arthur Coningham. A lokacin babu filin jirgi, sai suka sauka a filin da Turawa ke wasa da dawaki. Babu hasumiya, babu fitila, babu motar kashe gobara. Matuƙi da idonsa yake duba ƙasa, in ya ga sarari ya sauka. Tafiyar da ke cin watanni a kan raƙumi, ga ta an yi ta cikin kwana shida.

Amma zuwan baƙo sau ɗaya ba ya sa wuri ya zama zango. Sai cikin 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara aiko jirgi a kai a kai daga Hartum zuwa Kano, yana ɗauke da wasiƙu, daga baya har da fasinja. Kafin shekarar ta ƙare aka miƙa hanyar har Ikko. Daga nan ya zama tilas a tanadi fili na sosai a arewacin birni, da wurin ajiye mai, da ma'aikatan da za su riƙa magana da matuƙi ta wayar iska.

Abin da ya ɗaukaka filin shi ne yaƙin Hitila. Cikin 1940 hanyar Bahar Rum ta zama mai hatsari ga Ingilishi, ga shi kuwa sojansu a Masar suna bukatar jiragen yaƙi. Sai suka yi dabara. Aka riƙa kawo jirage a kwance cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a ƙasar Gwalkwas, watau Gana ta yanzu. Can ake harhaɗa su, sa'an nan su taso ayari ayari, babban jirgi guda yana gaba kamar jagaba, ƙanana suna biye. Su sauka Ikko, su sauka Kano, su wuce Maiduguri da Fashir da Hartum, har Alƙahira. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. Kano ta zama wurin shan mai da gyara da kwanan matuƙa, aka faɗaɗa filin, aka ƙara gine-gine.

Da yaƙi ya ƙare, sai manyan kamfanonin Turai suka ga amfanin wurin. Jiragen wancan zamani masu farfela ne, ba su iya tafiya daga Turai zuwa Afirka ta Kudu ba tare da sun sha mai a hanya ba. Wanda ya ƙetare Sahara kuwa, Kano ce babban gari na fari da zai tarar. Kamfanin KLM na ƙasar Holan ya fara sauka cikin 1947, na Ingila da na Faransa da na Beljiyam su ma suna zuwa. Cikin 1957 aka buɗe sabon gini mai hasumiya, da ɗakin cin abinci, da wurin jiran fasinja. A shekarun nan ne ake ajiye wani mutum bisa raƙumi da kakaki a hannunsa, in jirgi ya doso ya busa, don mutane da dabbobi su kauce daga titin jirgi. Baƙi da yawa hotonsa suka fara ɗauka a ƙasarmu.

Mu kuwa mutanen ƙasa, ta wajen aikin hajji muka fi sanin daɗin filin. A dā maniyyaci sallama yake yi da iyalinsa kamar ba zai komo ba. Ya bi ta Borno da Wadai da Darfur a ƙasa, yana tafe yana ƙwadago don guzuri, har ya kai gaɓar Bahar Maliya. Waɗansu su shekara biyar, waɗansu goma, waɗansu su zauna a Sudan, jikokinsu na can har yau. Daga shekarun 1950 alhazai suka fara tashi daga Kano a jirgi, yanzu kuwa tsakanin Kano da Jidda bai fi kamar awa biyar ba. Saboda su aka yi sansanin alhazai kusa da filin.

Wanda ya shiga filin jirgi zai ga ma'aikata iri iri, har ya ce a ransa yawansu ɓarnar kuɗi ne. Ba haka ba ne, kowa da aikinsa. Na cikin hasumiya su ne ke ba matuƙi izinin sauka ko tashi, don kada jirage biyu su gamu. Masu duba yanayi su ne ke auna iska da hadari, da nisan da ido ke iya hange in hazo ya sauko lokacin hunturu. 'Yan kwana-kwana suna zaune da motocinsu a shirye ko da an shekara ba a kira su ba. Titin jirgi, wanda tsawon babbansa ya wuce mita 3,000, ana duba shi, ana kunna masa fitilu da dare, ana korar tsuntsaye. A cikin gini akwai masu auna kaya bisa sikeli, gama jirgi yana da iyakar nauyin da zai ɗauka. Akwai 'yan kwastan, da masu duba fasfo, da ma'aikatan lafiya masu neman shaidar allurar rigakafi.

Tarihin filin da kansa ya nuna dalilin wannan tsanani. Ran 24 ga Yuni, 1956, wani jirgin Ingila ya tashi daga Kano ana cikin hadari, iska ta danno shi, ya bugi itace, mutum 32 suka rasu. Ran 22 ga Janairu, 1973, jirgin da ya ɗauko alhazai daga Jidda za shi Ikko aka juyo da shi Kano saboda rashin kyawun yanayi. Wajen sauka ya fāɗi, wuta ta kama, mutum 176 suka riga mu gidan gaskiya, suna dab da ganin iyalansu. Ran 4 ga Mayu, 2002, wani jirgi ya fāɗa cikin gidajen unguwar Gwammaja jim kaɗan da tashinsa. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Saboda haka in aka ce an ɗage tashin jirgi don hazo, ko aka ce a rage kaya, kada mu yi fushi. Gara jinkiri da ta'aziyya.

Sai dai zamani riga ne. Daga shekarun 1960 aka sami jirage masu cin dogon zango, suna wucewa ta bisa Kano ba su bukatar mai. Baƙin da tilas ke kawo su suka ragu, Ikko ta janye waɗansu, daga baya Abuja ta janye waɗansu. Har kamfanin KLM, bayan shekara 65, ya daina zuwa cikin 2012. Abin da ya riƙe filin shi ne matafiyan ƙasar da kansu: alhazai, da masu umara, da 'yan kasuwa, da ɗalibai, da masu neman magani. Kano ta zama hedkwatar jiha cikin 1967, filin kuma yanzu sunan Malam Aminu Kano yake ɗauke da shi, wanda ya rasu cikin 1983.

To, jama'a, kun ji yadda filin dawaki ya haifi zangon jirage. Ba a gadon zango yadda ake gadon gona. Ayarin Tarabulus ya daina zuwa, jiragen Turai masu shan mai sun daina tsayawa, kowannensu ya tafi ne ranar da ya sami hanyar da ta fi masa. Wanda ya rage shi ne mu. In ma'aikaci ya tsare aikinsa da gaskiya, makiyayi ya kau da dabbobinsa daga shinge, mai gini ya bar hanyar jirgi, fasinja ya bi layi, baƙo zai zo, ya kuma komo. Allah ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.